Ɓawon Kan Babban Mutum

Shafi na 9

Sallama gare ku duka. Na ga saƙonninku, har da na baiwar Allah da ta ce in ban saki shafin nan yau ba za ta zo ta ƙwace wayar ta rubuta da kanta. Ku yi haƙuri, yatsana ba ya gudu a kan waya. Ga wanda yau ya fara shigowa: mai ba da labarin tela ce a kamfanin ɗinka kayan makaranta, mijinta mai fentin gidaje. Ɗansu wata uku, ɓawo ya rufe masa tsakar kai, kuma kullum sai a ga sabon ciwo a wurin. Surukarta ta ba ta sati biyu: ko kan ya gyaru, ko ta ajiye aiki. Yau wa'adin ya cika.

*

Tun ƙarfe tara na gama shara. Na ɗaga labule don haske ya shigo sosai, na shimfiɗa tawul a cinyata, na kwantar da Babban Mutum. Sunan da ubansa ya laƙaba masa ke nan tun ranar haihuwa, wai don ya fito fuska a haɗe kamar wanda aka taso daga taro.

Na cire masa hula.

Ɓawon ya ragu ƙwarai. Wanda da ya yi kauri, rawaya-rawaya kamar busasshen kakin kyandir, yanzu saura tsilli-tsilli. Abin da malamar asibiti ta koya mini shi nake yi duk yamma, ban ƙara ba ban rage ba. Ɗigo uku ko huɗu na man kwakwa, in murza a tafin hannu, in shafa da cikin yatsu a hankali. In bar shi minti goma sha biyar. In bi da buroshi mai laushi. In wanke da sabulun jarirai, kada man ya kwana a kai.

"Ba mugun ciwo ba ne, ba ƙazanta ba ce," haka ta ce mini. "Ke yake damu, shi ko a jikinsa. Abu ɗaya: kada farce ya taɓa wurin. Wanda ya yi laushi zai faɗo da kansa."

Amma ga sababbin layuka uku jajaye a saman kunnensa na hagu. Jiya da safe da na fita aiki babu su.

Maigidan ya leƙo daga ɗaki yana ɓalla maɓallin riga.

"Madam Tela, har an buɗe asibitin?"

"Zo ka zauna."

"Bari in sauka in tari Inna a bakin titi, kin san ƙafarta da matakala..."

"Sai sha ɗaya ta ce. Zo ka haska mini da wayarka."

Ya zo. Ya durƙusa ya kunna fitilar, ya haska gefen dama.

"Hagu."

Ya mayar hagu.

"Me ka gani?"

"To... ya sake yagar kansa. Yaran nan farcensu kamar reza."

"Da safar hannu yake kwana, da ita yake wuni. Ni na ɗinka ta."

Ya ƙara matso da fitilar.

"Ni tela ce, Baban yaro. Na san yaga, na san yanka. Yaga ba ta tafiya a miƙe. Dubi waɗannan. Uku, a jere, faɗinsu ɗaya, duk daga sama zuwa ƙasa. Wannan hannun da ya saba aiki ne."

"Ko Gwaggo ce dai..."

"Kada ka sake ka sa sunan Gwaggo a bakinka."

Gwaggo ita ce dattijuwar da ke hawan ƙasa. Ni nake fita shida da rabi, shi yake riƙe yaron har takwas, sannan ya sauke mata shi ya wuce aiki. Satin da ya wuce na sauka na tambaye ta ko tana sosa masa kai. Ba ta ce mini komai ba. Ta ɗauko abin yanke farce ta yanke nata duka goma a gabana, har na ƙaramin yatsa ya yi jini. Har yau in zan wuce ƙofarta kaina a ƙasa yake.

Na miƙa hannu na jawo gwangwanin da nake ajiye allurai. Na buɗe, na ciro 'yar takarda a naɗe, na warware masa a tafin hannuna.

"Wannan mene ne?"

Ya kalla. Ɗan ɓarɓashi ne, bai kai ƙwayar yashi biyu ba. Shuɗi.

"Jiya da yamma na ciro shi a gashinsa. Daidai kan layin tsakiya."

Ya yi wata dariya da ba ta kai ciki ba.

"Fenti? Haba Madam. Gidan nan ina ne babu fenti? Ni kaina rabin jikina fenti ne. Shekaranjiya kore na ciro a kunnena."

"Laraba da Alhamis kana aikin nan na bayan gari, can ka kwana. Ni na kai shi wurin Gwaggo da hannuna. Kwana biyu, ko ɗigon ciwo babu, tsofaffin ma har sun fara bushewa. Jiya da safe na bar maka shi."

Ya kashe fitilar.

Na iya jira. A wurin aiki ma ni ake turo wa rigar da zare ya cukurkuɗe, don ba na fizga.

Babban Mutum ya yi hamma, ya kama yatsana.

Can sai maigidan ya sa hannu a aljihun baya. Ya ciro wani tsohon katin roba, rubutun jikinsa duk ya goge, gefensa ya sha fenti kala-kala. Na san shi. Da shi yake kankare ɗigon fenti a gilashin taga in ya gama aiki.

Ya ajiye shi a kan tebur kamar mai ajiye wuƙa.

"Da ruwan zafi nake wanke shi," ya ce. "Kullum. Wallahi."

Na kalli katin, na kalle shi.

"Tun yaushe?"

"Tun washegarin da Inna ta sa ranar."

"Me ya sa?"

"Ki saurare ni, don Allah. In bango ya yi ɓawo, ba a shafa masa komai. Ko fenti mafi kyau a duniya ka zuba a kai, sati biyu zai taso. Sai an kankare, an kai ga lafiyayyen wuri. Wannan shi ne abu na farko da maigidana ya koya mini, kafin ya bar ni in taɓa buroshi. Ni kuma kullum ina ganinki kina shafa mai a kan ɓawo, a kan ɓawo..."

"Kan ɗanka bango ne?"

"Ban ce bango ne ba."

"To mene ne?"

"A hankali nake yi. Kin san hannuna. Bai taɓa kuka ba." Ya sosa ƙeya. "Sau ɗaya. Sau biyu dai."

"Ba ka ga jan ba?"

"Na gani. Na ce zai bushe. Ai ko a wurin aiki, in an kankare wuri yakan yi muni kafin ya yi kyau."

Na dube shi. Mutum ne da in ya fente maka ɗaki ba za ka ga inda buroshi ya tsaya ba. Ga shi durƙushe, hannuwa a kan gwiwa, kamar ɗalibin da aka kama da amsa a tafin hannu.

"Na ga kwanaki suna gudu," ya ce, murya ƙasa-ƙasa. "Man nan naki a hankali yake aiki. Na ce in Asabar ta zo da ɓawon nan, aikinki ya tafi. Ni na ga yadda kika sha wuya kafin ki samu keken ɗinkin nan. Na ce bari in taimaka ta bayan fage."

"Ka taimaka."

"Madam..."

"Kana zaune a kujerar nan ranar da na sauka wurin Gwaggo."

"Na ce miki kar ki je."

"Ka ce kar in je. Ba ka ce don me ba."

Ya sunkuyar da kai.

Na mayar wa yaron hularsa, na gyara igiyar.

"To yanzu ya za mu yi?" ya ce. "Ko a bar hular a kansa? A ce yana mura?"

"Inna ce fa. Tun daga ƙofa za ta cire."

"A ɗan shafa hoda a wurin..."

"A kan ciwo? Yau kuma filasta za ka yi masa?"

Ya kusa dariya, ya ga fuskata, ya fasa.

"Ji nan, Baban yaro. Ba zan yi wa Inna ƙarya ba. Ba kuma zan tona ka ba. In ta tambaya, shiru zan yi. Bakinka yana jikinka."

"Kin san Inna."

"Shekara biyar na san ta. Kai talatin da huɗu."

"Ban taɓa..."

"Na sani."

Bai taɓa ce mata a'a ba. Ranar da ta yanke wa'adin nan ma, "to Inna" kawai ya ce, yana kallon silin.

Sai muka ji ta a matakala. Goma saura kwata.

"Wash! Wai wanda ya gina gidan nan ba shi da uwa ne? Ina mijin nawa? Ina angon? Ko tarba babu?"

Maigidan ya zabura ya buɗe ƙofa. Katin yana nan a kan tebur. Na ga ya waiwayo ya kalle shi. Ban ɗauke ba, shi ma bai dawo ya ɗauka ba.

Inna ta shigo tana haki, jaka a hammata. Na durƙusa na gaishe ta.

"Sannu da zuwa, Inna. An zo lafiya? Ya ƙafar?"

"Ƙafa ga ta nan, 'yar nan, ita ta kawo ni. Miƙo mini shi."

Ta zauna, ta karɓe shi, ta ɗaga shi sama.

"Kai, dube shi! Wannan haɗe ran fa? Sati biyu ba ka neme ni ba, kuma kai ne da fushi? To na fasa auren, a ba ni takardata."

Babban Mutum ya yi mata murmushi da dasashi.

"Munafuki," ta ce, ta sumbaci goshinsa.

Sannan ta ja igiyar hula.

Ta matsa kusa da taga. Ta juya kansa dama. Ta shafa tsakar kan da bayan yatsa.

"Hm. Ɓawon ya yi sauƙi. Gaskiya ya yi sauƙi."

Ta juya shi hagu.

A ƙasa wani yana ta buga hon.

"Wannan fa?"

Na kalli tawul ɗin da ke cinyata.

"Da ke nake, 'yar nan. Wannan fa? Sabo ne. Wannan ko kwana biyu bai yi ba."

Na yi shiru.

"To. Ni ba na son doguwar magana. Mun yi da ke, a gaban mijinki. Yaron da ake yawo da shi hannu-hannu, daga sama zuwa ƙasa, ba a san wa ya yi masa me ba. Litinin ki je ki yi musu sallama cikin mutunci. Kai kuma..."

"Ni ne, Inna."

Ta waiga.

Yana tsaye jikin ƙofa, ya riƙe mariƙin kamar za a ƙwace masa.

"Kai ne me?"

"Ni na yi masa. Ba ita ba ce, ba Gwaggo ba ce. Da safe in ta fita. Da wancan." Ya nuna tebur.

Inna ta miƙa hannu ta ɗauki katin. Ta juya shi gaba, ta juya shi baya. Ta kai shi hanci ta shinshina.

"Da wannan?"

"Ina wankewa da ruwan za..."

"Rufe mini baki! Innalillahi. Kai tun kana ƙarami haka kake. Ciwo bai taɓa bushewa a gwiwarka ba sai ka ɓare shi. Tukunyata mai fenti ja, wa ya kankare ta tas wai yana neman ƙarfen ciki? Yanzu abin ya kai kan mutum? Kan mijina?"

"Ki yi haƙuri, Inna."

"Ni za ka ba haƙuri? Kaina aka kankare ko nasa?"

Ya dube ni. Ya dubi yaron.

A raina na ce shi ke nan, an wuce wurin.

Inna ta jefa katin cikin jakarta, ta ja zif.

"To ai maganata ce ta fito," ta ce.

Na ɗago.

"Eh mana. Da uwarsa tana gida, da wannan abin ya kai kansa? Sati biyu ana kankare miki ɗa kamar tsohon bango, kina can kina ɗinka wa 'ya'yan wasu wando. Yau kati ne. Gobe wa ya san me zai ɗauko? Ba a bar wa namiji jariri, 'yar nan. Balle wannan."

"Inna, ai laifina ne, ba na..."

"Kai na ce ka yi shiru."

Ya yi shiru.

Na gyara durƙusona.

"Inna, ki yi mini izini in yi magana."

"Ina ji."

"Ba zan ajiye aikin ba."

Na ji maigidan ya ja numfashi.

"Me kika ce?" in ji Inna.

"Ki gafarce ni. Ban taɓa musa miki ba, kuma ba raini ba ne. Shekara huɗu ina tsaye ina cire zare ina guga kafin a zaunar da ni a kan keke. In na tashi yau, gobe wata ce a kai, ba kuma za a sake kirana ba. Kin ce in kan bai gyaru ba, sakacina ne. Ɓawon da ke hannuna kin gani da idonki, ya tafi saura kaɗan. Ciwon da ba na hannuna ba, ni na bi shi har na gano mai shi. Ban yi sakaci ba, Inna."

Ta kafe ni da ido.

"Ki ba ni minti ashirin. Ki ga abin da nake yi. In kin ga wasa a ciki, ki faɗa."

Ban jira amsa ba, don na san in na jira ƙarfin zai gudu. Na jawo kwalbar man. Na ɗiga uku a tafi, na murza har ya yi ɗumi. Yaron yana kan cinyarta, na shafa masa a tsakar kai da gefen dama. Na kewaye layukan nan uku, ban bari mai ya taɓa su ba.

"Can fa?"

"Can fata ta buɗe. Ruwa mai tsabta kawai, a bar shi ya sha iska. Litinin da yamma zan nuna wa malamar asibiti. In ya kumbura ko ya fara ruwa kafin nan, ba zan jira Litinin ba."

"Hm."

Muka zauna. Minti goma sha biyar Babban Mutum yana ta hira da fankar sama. Maigidan ya kawo wa Inna ruwa, ba ta kalle shi ba. Ya ajiye, ya koma jikin ƙofa.

Da lokaci ya yi na ɗauko buroshin.

"Kawo," in ji Inna.

Na miƙa mata.

"Ba dannawa, Inna. Kamar ana share ƙura a kan..."

"Shida na haifa, 'yar nan."

Ta bi kan sau ɗaya. Ta sake bi. Ta ɗaga buroshin zuwa haske. Ɓawon ya biyo gashinsa, laushi, ba ja ba jini. Inda ya tashi fatar sumul.

Ta daɗe tana kallo.

"Kai, mai kankara. Zo ka gani."

Ya matso.

"Ka ga jini?"

"A'a, Inna."

"Ka ji kuka?"

"A'a."

"Koma inda kake."

Na kawo ruwan ɗumi a roba, muka wanke kan tare, ita tana tallafe da wuyansa. Na tsane shi da tawul. Ta goge hannunta a gefen zaninta, ta gyara ɗaurin ɗankwali.

"Ƙarfe nawa kike fita?"

"Shida da rabi."

"Ki dawo?"

"Huɗu da rabi."

"To. Litinin ki tafi aikinki."

Na buɗe baki zan yi godiya, ta ɗaga mini hannu. Ta zuge jaka, ta lalubo wayarta, ta miƙa wa ɗanta.

"Kira mini Auta."

Ya kira ƙanwarsa, ya sa mata a kunne.

"Auta? Ki haɗa mini kayana. A'a, ba ƙaramar ba, babbar jakar. Da maganin ƙafata, da rediyo. Ki nemi mai mota ya ɗauko har da gadon. Yau ɗin nan, kafin yamma."

Na dubi maigidan. Ya dube ni. Ɗaki ɗaya da falo gare mu, falon ma in mutum uku sun zauna sai ɗaya ya tanƙwashe ƙafa.

"Inna," ya ce a hankali, "kwana nawa za ki..."

"Wa ya ce maka kwana nake ƙirgawa?"

Ta saɓa Babban Mutum a kafaɗa, ta miƙe, ta bi falon da kallo daga wannan bango zuwa wancan. Sannan ta nuna doguwar kujerarmu da baki.

"Wannan ku fitar da ita. Nan gadona zai zauna."